Babban Mutum, Babban Gilashi: Yadda Ake Zaɓa Wa Kyamara Gilashi Irin Na Jumare

Kai da Allah ya jefo wa kyamara a hannu, irin ƙatuwar nan mai nauyin dutsen niƙa wadda ake leƙawa ta wata 'yar taga a samanta, ga kuma gilasai uku a jaka ba ka san wanda za ka ɗaura mata ba, share guminka, ka iso inda za a warware maka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, cikin mako guda za a san sunanka daga Ikara har Makarfi, a wuce da shi Kudan. Ban ce da alheri za a san shi ba. Na dai ce za a san shi.

Kada ka tsaya tambayata takardar shaida. Sunana Gambo, tela ne ni, ban taɓa danna kyamara ba tunda aka haife ni. Amma shekara goma sha tara shagona na manne da na Baba Yunana mai hoto a bakin tashar Ikara, kuma falle ɗaya na kwano ne ya raba mu. Duk ilimin da ya shiga shagon nan sai da ya biyo ta kunnena. Sannan ba abin da zan koya maka wanda ba a gwada shi a jikin mutum mai rai ba, wato Jumare, a shekarar da soja suka karɓi mulki aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu.

Mataki na ɗaya: Samo kyamarar da ba taka ba

Kada ka saya. A zamanin da ake bin layi kafin a ga sabulu, wanda ya sayi kyamara ai sai a kai shi a duba kansa. Nemi tsohon da ke da ita ka yi ta gaishe shi.

Jumare masinja ne a wani ofis a Ikara. Shekara goma sha biyu yana yawo da fayil a hammata, sai aka wayi gari an rage ma'aikata, sunansa ya fito na uku a takarda. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Da ya koma gida ya kasa ce wa matarsa Bilki an kore shi. Sai ya gyara hula ya ce shi ya ajiye aikin da kansa, ɗaukar hoto zai koma. Bilki ta dube shi, ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da tankaɗenta.

Daidai lokacin nan yanar ido ta ci ƙarfin Baba Yunana. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar hoton biki da suna da na jarrabawa ya koma ba ya gane mutum sai ta murya. Ɗansa Abraham ya aiko daga Zariya cewa a haɗa kyamarar da kayanta, ƙarshen wata zai zo ya kai ta inda za a saya. Jumare na jin labari ya zo ya durƙusa, ya gai da tsohon tun daga kwana har gajiya har mutanen gida har kaji. Kwana huɗu yana wannan zirga-zirga.

Ranar ta biyar, wata Litinin, tsohon ya ce, "Tashi, Jumare, kada gwiwarka ta ƙare. Ga ta nan. Naɗin fim ɗaya ya rage mini a duniya, hoto takwas ne a cikinsa, kuma ko Kano ka je yanzu ba za ka samu wani ba. Ran Lahadi matan zumunta na majami'ar Malikanchi za su yi bikin cika shekara ashirin da biyar. Su goma sha biyar ne. Ka ɗauko mini su duka, kowacce da kanta da ƙafarta. In hoton ya yi, kyamara ta zauna a hannunka. In bai yi ba, Abraham ya tafi da ita. Kada ka taɓa fim ɗin nan kafin Lahadi."

Jumare ya rantse ba zai taɓa ba.

Mataki na biyu: Kada ka bari a gama yi maka bayani

Masani ba ya sauraro, gyaɗa kai yake yi. Da zarar mai kyamara ya buɗe baki, ka ce, "Na gane." In ya ci gaba, ka ce, "Ai haka ne." In ya matsa, rataya kyamarar a wuya ka nemi madubi.

Ga abin da Baba Yunana ya faɗa ranar. Ni na ji ta jikin kwano har na tsayar da keken ɗinki. Jumare bai ji ba, yana gaban madubi yana gwada tsayuwa.

Ya ce irin wannan kyamarar ba ta cikin gilashinta ake kallo ba. Gilashi daban, tagar da kake leƙawa daban, kamar maƙwabta biyu masu kallon titi ɗaya kowa ta ƙofarsa. Ko wane gilashi ka ɗaura, taga ba ta canja abin da take nuna maka. Masu gaya maka gaskiya wasu 'yan zane ne masu kusurwa huɗu a cikin tagar, wani a cikin wani. Babban zanen na matsakaicin gilashi ne. Ɗan ƙaramin da ke can tsakiya, kamar kwalin ashana, shi ne na dogon gilashi, kuma abin da ya faɗa cikinsa kaɗai fim zai ɗauka. Gajeren gilashi kuwa yana kwaso fiye da abin da taga ta nuna, sai dai yana kumbura duk abin da ya matso kusa da shi. A tsakiyar tagar za ka ga mutum ya rabu biyu. Ka yi ta juya gilashi har biyun su haɗe su zama ɗaya, to hoto zai fito tar.

"Ka ji ko, Jumare?"

"Na gane, Baba. Ai haka ne."

Abu biyu kacal suka maƙale a kansa: haɗa mutum biyu su zama ɗaya, da zura ɗan fallen ƙarfen da ke kare fim daga haske kafin a sauya gilashi. Sauran duk ya bi iska.

Mataki na uku: Raɗa musu suna

A jikin kowane gilashi akwai lambobi. Rabu da su. Wanda ya tsaya karanta lamba a gaban jama'a ya tona wa kansa asiri. Jera su a tabarma ka dube su kamar mai zaɓen rago.

Haka Jumare ya yi da yammacin ranar, yara sun kewaye shi. Dogon nan mai tsawon taɓarya an guntule ta, baƙi wuluk, ko ƙwarzane babu, ya sa masa Janar. Gajeren mai ido a waje ya sa masa Kwaɗo. Na tsakiyar kuwa, fentinsa duk ya goge, bakinsa ya lotsa, ba tsawo ba ƙiba, sai Jumare ya dube shi ya ji wani haushi ya taso masa. Ya ce, "Wannan kam Masinja ne." Ya tura shi ƙarshen tabarma da yatsa.

Bilki na tsintar shinkafa a gefe, ta ce, "Baban Zulai, ni dai a ludayoyina wanda ya fi gogewa shi na fi aiki da shi."

"Ke, ana maganar kimiyya kina maganar ludayi. Matso ki ga. Nan ake ɗanawa, ka ga? Nan kuma ake dannawa, amma ba a dannawa sai..."

Ƙyat!

Kyamara na kallon sama. Ta ɗauki igiyar shanya da rabin zanin Bilki. Yara suka yi tafi, suka ce a ƙara. Saura bakwai.

Mataki na huɗu: Babban mutum, babban gilashi

Riƙe wannan ƙa'idar da kyau, domin ita ce ginshiƙin ilimin gaba ɗaya. Ba nisa ake dubawa ba, ba faɗin wuri ba, girman mutum ake dubawa. Yadda ba ka ba baƙon kirki ruwa a murfin kwano, haka ba ka nuna wa babba ƙaramin gilashi.

A Makarfi Jumare ya gano wannan, ranar kasuwa. Ba abin da ya kai shi sai son a gan shi. Ya ɗaura Janar, ya rataya a wuya, yana tafe yana rangaji saboda nauyi, mutane na darewa. Bai ankara ba sai ga shi a bakin wani kanti inda ake layin sabulu da madara. Layi ya miƙe har ya sha kwana, ga wani kofur da bulala yana zagaya shi, ga mutum biyu a gefe suna tsallen kwaɗo don sun yi tsallaken layi.

"Kai! Mai bututu! Zo nan!"

Jumare ya matso.

"Mene ne wannan kake nuna wa layin gwamnati?"

"Hoto ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka izini?"

Jumare ya dubi bulala, ya dubi masu tsalle, sai Allah ya buɗe masa baki. "Ai ba layi na zo ɗauka ba, yallaɓai. Wannan gilashin ba a ɗaura shi don talaka. Na manya ne. Tun daga Ikara muka ji labarin yadda ka miƙar da layin Makarfi, shi ne na yi takanas."

Kofur ya gyara bel. Ya ce wa masu tsalle su tashi su matsa, suna ɓata masa baya. Ya tsaya da bulala a kafaɗa, ƙyat. Ya ce a sake ba bulala, don wannan mahaifiyarsa za a aika wa, ƙyat. Ya ce a sake yana sarawa, ƙyat. Layi gaba ɗaya ya manta da sabulu yana kallo. Kafin la'asar ba wanda bai ji ba a kasuwar Makarfi cewa akwai gilashin manya akwai na talakawa.

"Mako mai zuwa ka kawo mini, ina nan," in ji kofur.

Saura huɗu.

Mataki na biyar: Bar murfi a wurinsa

Murfi yana kare gilashi daga ƙura, kuma daɗin irin wannan kyamarar shi ne ko da murfi ko babu, taga za ta nuna maka duniya fes.

Sai da motar Ikara ta tashi, Jumare na matse tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa mai kaji, sannan ya sunkuya don ya shafa Janar ya yi masa godiya. Hannunsa ya sauka a kan murfi. Murfin na zaune daram a bakin gilashi, bai motsa ba tun safe.

Ya yi salati da ƙarfi har direba ya taka birki. Daga ranar, in ka ga Jumare zai je wani gari da hanyarsa ta bi ta Makarfi, to sai ya ce yana da sha'awar ganin ƙauyuka.

Mataki na shida: In wuri ya matse, matsa kusa

Ba a ce wa suruki a'a. Yayan Bilki, Mamuda, mazarƙwaila yake yi a Kudan, kuma labarin hoton kofur ya riga Jumare isa. Ya aiko takanas cewa yana son hoto shi da dokinsa, wanda ke zagaya injin matse rake tun asuba. Jumare ya so ya ce fim na Lahadi ne. Amma mutumin da ke aiko maka da mazarƙwaila duk kaka, kuma bai san an kore ka daga aiki ba, da wane baki?

Wurin a matse yake, ga tulin ɓawon rake, ga kaskon dahuwa na tafasa, ba inda za a ja da baya. Sai Jumare ya ɗaura Kwaɗo. A nan, in faɗa maka gaskiya, ya yi daidai, sai dai bai san ya yi ba. Don haka ya yi sauri ya gyara kuskuren: ya matsa, ya ƙara matsawa, har numfashin doki na hura masa hula.

"Yaya Mamuda, tsaya ta bayan kunnensa. Yauwa. Kada ka yi numfashi."

Ƙyat. Mamuda ya ce ya ƙifta ido. Ƙyat. Doki ya yi atishawa a kan gilashi. Aka goge da bakin riga. Mamuda ya shiga gida ya sauya hula, ya ce ta ɗazu ta aiki ce. Ƙyat.

Jumare ya dawo gida da curin mazarƙwaila shida da hoto ɗaya tal a cikin kyamara.

Mataki na bakwai: Kada ka ji maganar matarka

Ran Lahadi da safe Jumare ya kasa shan koko. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. In hoton nan bai yi ba, ba kyamara, ba ofis, ba abin da zai fita da shi da safe ya ce ya tafi aiki.

Bilki ta shigo ta tsaya a kansa. "Baban Zulai, tun ranar na san korarka aka yi. Matar direban ofis ta riga ka isowa."

Jumare ya kasa ɗaga kai.

"Ban faɗa ba ne don na ga kana son hularka ta zauna daidai. Ungo." Ta miƙo masa Masinja, ta naɗe shi a hankici. "Shekara goma sha biyu masinja ne ya ciyar da gidan nan, ban ga abin raini a jikinsa ba. Sa shi a aljihu."

Ya sa a aljihu. Kai kuwa, ɗalibina, in taka matar ta yi maka haka, ka karɓa ka gode, amma kada ka manta kai ne masani.

Mataki na takwas: Bi ra'ayin jama'a

Harabar majami'ar Malikanchi ta cika. Matan zumunta sun sha anko, shuɗin zani da farin ɗankwali, suna kaɗa tulu da caki, ƙasa na amsawa. Da aka gama waƙa aka jera su: biyar a zaune kan tabarma, biyar a benci, biyar a tsaye a baya. A tsakiyar benci aka zaunar da uwar zumunta, Mama Selina, matar Baba Yunana, 'yar tsohuwa mai wushirya. Damanta Rosaline, mai muryar da ake ji daga Paki. Hagunta Bernice, wadda ta kwana uku tana kitso saboda wannan hoton. Shi kuma tsohon yana gindin dalbejiya a kujera, da sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Jumare ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Ya yi bisimilla. Ya sa hannu a aljihu, ya warware hankici, ya fito da Masinja. Wallahi ya fito da shi, ni shaida ne, don ni na ɗinka ankon, na je ganin aikina.

Sai Rosaline ta miƙe.

"Malam Jumare, mene ne wannan ɗan tsurut ɗin?"

"Gilashi ne, Mama."

"Mun ji labari. An ce a Makarfi da babban ka ɗauki kofur, ka ce na manya ne. To kofur ya fi uwar zumunta ne? Shekara ashirin da biyar muna waƙa, ka zo mana da na talakawa, mai lotsattsen baki?"

Mata suka ɗauka gaba ɗaya. Wata ta ce raini ne. Wata ta ce ko don su mata ne. Bernice ta ce ita ba ta yi kitson kwana uku don a ɗauke ta da murfin kwalba ba. Jumare ya dubi Masinja, ya dubi mata goma sha biyar, ya ga ƙa'idar da ya ƙirƙira da bakinsa ta dawo ta tsaya a gabansa da ɗankwali. Ya mayar da Masinja aljihu. Ya zura ƙarfe, ya ɗaura Janar, ya zare ƙarfe. Ya cire murfi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya sa a baki ya cije don kada a yi ta biyu. Aka yi guɗa.

Ya leƙa taga. Ga su nan su goma sha biyar cif, kowacce da kanta da ƙafarta, har da sararin sama a bisa. Akwai wani ɗan zane kamar kwalin ashana da ya kewaye Mama Selina, Jumare ya ɗauka ado ne. Ya juya gilashi, Selina biyu suka taho suka haɗe.

"Jumare," in ji Baba Yunana daga gindin bishiya. "Kawo ni nan."

Aka kamo hannunsa aka kawo shi. Tsohon ya lalubi kyamarar, yatsunsa suka bi jikin gilashin tun daga gindi har baki. Ya tsaya.

"Dogon ka ɗaura?"

Jumare ya cire murfi daga baki. "Shi ne, Baba. Don girmamawa."

"Wa ka sa a tsakiya?"

"Mama Selina."

Tsohon ya yi shiru har sai da Rosaline ta ce murmushinta ya fara yi mata ciwo. Sannan ya ɗauke hannunsa, ya ɗaga murya ya ce, "Maman Abraham, kin dai wanke fuska ko?" Selina ta juyo wajensa ta tuntsire da dariya.

"To, ɗauka," in ji shi.

Ƙyat.

Mataki na tara: Duba hotunan a inda ba kowa

Ran Talata Jumare ya kai fim Zariya wurin mai wanki, ya ce na ƙarshen a yi masa babba, kamar tire. Ran Alhamis ya karɓo a ambulan, ya zagaya bayan tasha ya buɗe.

Na farko, igiyar shanya. Uku na kofur kuwa mai wanki bai ma ɓata takarda ba, ya ce ba kowa a ciki, ko bulala. Uku na Kudan, hancin doki ne kamar tukunyar biki, ga Mamuda can a baya ɗan mitsitsi, hularsa ma ba a gane wacce ce.

Ya zaro babban. Mace ɗaya ce a ciki. Mama Selina, daga ƙirji zuwa ɗankwali, ta cika takarda. A damanta akwai rabin Rosaline: ido ɗaya, kunne ɗaya, rabin murmushi. A hagunta kafaɗar Bernice da jelar kitso biyu. Sauran mata goma sha biyu ko inuwarsu babu.

Jumare ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi tagumi. Shawarata a nan ita ce ka ce fim ya ƙone, ka ɗora wa gwamnati, kowa zai yarda. Shi ma ya yi wannan tunanin tun daga Zariya har Ikara. Amma da ya sauka a mota ya taɓa aljihu ya ji Masinja a cikin hankicin Bilki, sai ya ga ya gaji da ƙarya. Ya nufi shagon tsohon kai tsaye.

Mataki na goma: Miƙa, ka tsaya kusa da ƙofa

Mata sun riga shi. Su goma sha biyar sun cika gaban shagon har sun tare mini haske. Jumare ya durƙusa gaban Baba Yunana ya ce, "Baba, na ɓata. Bakwai na watsar kafin Lahadi, na takwas kuma ga shi. Ban ji bayaninka ba."

Rosaline ta fizge hoton. Ta duba. Ta juya bayansa ko sauranta na can. "Ina ɗaya idon nawa?" Bernice ta leƙa ta ɗora hannu a ka, ta ce kwana uku, jela biyu! Sauran suka yi ta miƙa wa juna, kowacce na neman kanta, wata har tana ɗaga shi sama tana leƙa ƙarƙashi. Hayaniya ta kai masu mota sun fara taruwa.

"Ku ba ni," in ji tsohon.

Ya tashi da sandarsa ya fito bakin ƙofa inda rana ta fi ƙarfi. Ya ɗaga hoton har ya kusa taɓa hancinsa. Ya yi ta tafiya da shi a hankali, daga ɗankwali zuwa goshi, daga goshi zuwa baki.

"Ga wushiryar nan," in ji shi. Muryarsa ta sauya. "Shekara biyu rabona da in ga fuskar matar nan. Hoton mutum goma sha biyar, ko ya yi kyau, ni tururuwa zan gani a jere. Shekara talatin ina ɗaukar mutanen ƙasar nan, amarya da ango da mai neman aiki, ban taɓa tsayar da ita ita kaɗai na ɗauka ba. Kullum sai in ce fim na mutane ne, bari sai gobe. Har idon ya tafi."

Mama Selina ta sa bakin ɗankwali ta share ido. "Kai dai tsohon nan. Ashe ka sani ka yi shiru."

"Da hannuna na taɓa shi."

"To mu fa, Baba?" in ji Rosaline, amma muryar ta sauko, ba ta kai ko tasha ba.

"Ku yafe mini, ni na cuce ku, ba shi ba. Ranar da fim ya dawo ƙasar nan, naɗin farko naku ne, takwas ɗin duka." Ya juya inda yake jin numfashin Jumare. "Gambo zai rubuta wa Abraham kada ya wahalar da kansa. Kai kuma ina wanda ka raina?"

Jumare ya zaro Masinja ya sa masa a hannu. Tsohon ya shafa lotsattsen bakin, ya mayar masa.

"Da wannan na aurar da 'ya'yana. Gobe da safe ka zo ka zauna, ka bar ni in kai ƙarshen magana."

"Na ga..." Jumare ya kama bakinsa da hannu. "To, Baba."

A kula

Ni Gambo tela na sanar da kowa cewa hannuna ba ya cikin duk abin da zai biyo bayan bin waɗannan matakai. In kofur ya gane ka a tasha, ban san ka ba. In surukinka ya daina aiko da mazarƙwaila, kada ka zo shagona da ƙorafi. In wata Rosaline ta koma yi maka rabin gaisuwa, ta ce ina kwana ta ƙi cewa ina gajiya, ka haƙura, Jumare ma sai da fim ya dawo ya samu cikon tasa. Kuma kada ka sa rai za ka dace da tsohon da zai taɓa gilashinka ya yi shiru, don guda ɗaya na sani a ƙasar nan. Wanda kuma yake da wata fuska a gida da yake ta ɗaga ɗaukarta zuwa gobe, wannan ba ni zai tambaya ba. Ya zo tashar Ikara da hantsi, zai tarar da Baba Yunana a bakin ƙofa, da hoton a hancinsa.